Ranar da Kawu Ya Ɗora Babur

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya halicci ƙashi ya tufatar da shi da nama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga gare Shi muke, kuma gare Shi za mu koma.

Kawuna, wan mahaifiyata, ɗaya daga cikin maɗoran Aliero, ya rasu da hantsi bayan ya dawo daga duba albasarsa a fadama. Ya sha ruwa, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

A zaman makoki na ga abin da ban taɓa gani ba a gidan mutuwa. Bayan an shafa fatiha, wani manomi da ya taso tun daga Mungadi ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa na kusa da shi damtsensa, ya ce nan rijiya ta karya shi gida biyu. Na kusa da shi sai ya ja wandonsa ya nuna ƙwauri. Kafin a ankara, rabin mutanen da ke kan tabarmi sun buɗe wani sashe na jikinsu. Wani Bafillace daga wajen Liba ya ce shi lafiyarsa ƙalau, saniyarsa ce aka ɗora wa ƙafa ranar da har an wasa mata wuƙa, kuma jikokinta ne yake kiwo yau. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani. Liman ya so ya tsawata, ya ce wurin addu'a ne, amma da ya ɗaga hannu sai kowa ya tuna wuyan hannun nan ma marigayi ya gyara shi. Shi kansa ya yi murmushi ya mayar da hannun cikin riga.

Ana cikin haka aka sauko da tsohon maƙerin Jega daga kan jaki. Taubashin Kawu ne, sun yi shekarun duniya suna zagin juna. Idonsa ya yi rauni, sai da aka kama shi aka zaunar. Ya ce, "To, bawan nawa ya gudu. Wa za ni zaga yanzu?"

Mutane suka shiga gardamar wane ɗori ne ya fi kowane girma cikin aikin marigayi. Wani ya ce na yarinyar da rakumi ya taka, wani ya ce na maharbin da ya faɗo daga giginya. Maƙeri ya ɗaga kai ya ce, "Na babur." Matasa suka fashe da dariya, sun ɗauka wasan taubasantaka ne ya ci gaba da shi har bayan rai. Shi bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba, domin ni ne mutumin da ke kan babur ɗin. Dariyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, don kada mu biyu mu bi shi labarin ya zama abin barkwanci a bakin yara.

Amma bari in fara da yadda yake, don wanda bai san shi ba.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kuwa sirara kamar ba nasa ba. Ba ya kallon karaya. In an kawo masa mutum sai ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya bi wurin da yatsa a hankali kamar makaho na laluben bango. Yana yi yana tambayar mai ciwon labarin gonarsa, ko irin albasar bana ya yi kyau, ko wa ya auri wa a garinsu. Mutum yana tsakiyar amsa zai ji ƙas, an mayar da ƙashi wurinsa. Ya kan ce, "Ƙashi ba shi ƙarya, mai shi ka yi." Kayan aikinsa ba su wuce karan dawa da ya fere da kansa ba, da sawayen farin ƙyalle, da man shanu, da wani dogon zare da kullum yake naɗe a aljihunsa. Da zaren yake auna ƙafa mai lafiya daga ƙugu zuwa idon sawu, ya ƙulla, sannan ya ja karyayyar har ta kai ƙullin. Ba ya shan fura da sanyi, ba ya ɗaukar gatari, ba ya kusantar wuta da hannunsa. Yana cewa hannun amana ne aka ba shi ajiya.

Yana da wata ɗabi'a da ta dami iyalinsa. In ya sallami mutum, ba ya ɗaukar an gama. Sai ya ɗaura wa jakinsa akumari ya bi shi har garinsu bayan wani lokaci, ya tsaya nesa ya ga ko manomin na iya sunkuyawa da kalme, ko masaƙin na taka mataki. In ya ga mutum ya warke amma ya bar sana'arsa, sai ya dawo gida fuska a ɗaure, ya ƙi cin tuwo. A wurinsa ɗori bai kama ba sai mutum ya koma inda karaya ta ɗauke shi.

To, ga yadda abin ya zo kaina. A shekarun nan Nasara bai daɗe da zama ba, ana cikin share hanyar mota da aikin gayya. Ni kuma na yi karatu gwargwado, ina rubuta ajami, sai wani attajiri na Jega mai fataucin goro da fatu ya ɗauke ni wakilinsa. Ya sayi wani tsohon babur a hannun Baturen da zai koma ƙasarsu, ya ce ni zan riƙa hawa ina kai saƙonsa kasuwannin Maiyama da Aliero da ƙauyukan tsakani. Da wannan aikin nake ci da matata da 'ya'yana da mahaifiyata.

Wanda ya san baburan yanzu ba zai gane wancan ba. Ba shi da giya, ba shi da kuloci. Wata kakkaurar ɗamarar fata ce ta taso daga inji kai tsaye zuwa ƙafar baya. In za ka tashe shi, sai ka kama hannuwansa ka tura kana gudu a gefensa har inji ya kama, sannan ka yi tsalle ka faɗa kan sirdi yana tafiya. In ka tsaya ya mutu, sai ka sake wani gudun. Aikin mai ƙafa biyu lafiyayyu ne.

Farkon damina, a kan hanyar Aliero, ruwa ya yanke wani wuri da jiya lafiya lau yake. Na faɗa ciki, babur ya danne ni, cinyata ta dama ta karye. Masu jakai suka kai ni wurin Kawu. Babur bai yi komai ba in ban da ƙujewa.

Kawu ya ɗora ni, na kwanta a zaurensa har gero ya fitar da kai. Ƙashi ya kama da ikon Allah, amma ranar da ya kwance karare ya miƙa zarensa, na ga fuskarsa ta canza. Ƙafar ta gaza ƙullin da faɗin yatsa biyu. Ƙashin ya rududduge a wurin, ba yadda za a yi. Ina tafiya da ɗingishi, ina ɗaukar nauyi, amma gudu ya ƙare mini. Na gwada tura babur a bayan gari, na faɗi, na sake gwadawa na sake faɗuwa, Kawu yana tsaye ƙarƙashin wata tsamiya yana kallo.

Ubangidana mutumin kirki ne, ya zo duba ni da kansa. Amma ya faɗa mini gaskiya: in kaka ta yi kasuwa ta buɗe, dole wani ya hau babur ɗin. Ya ce zai jira ni har a fara yankan gero. Ni kuwa ba ni da gona, kuma ƙafar ba ta noma ba ce.

Mahaifiyata murna ta yi. Ta ce wa wanta, "Yaya, Allah ya raba shi da dokin shaiɗan, a bar shi haka nan. Ko allo shi riƙa wanke ma mutane, ba mu mutuwa da yunwa."

Kawu ya ce, "Bisa babur karaya tas same shi."

"To sai ka maishe shi ga abin da yak karya shi? Ɗa guda gare ni, Yaya."

"Ni ma ɗan ƙanwa guda gare ni," in ji shi. Ya tashi ya fita. Ranar bai ci tuwo ba.

Ranar kasuwar Jega ya ce in hau jakinsa, shi ya bi da ƙafa, muka je maƙerar taubashinsa inda aka ajiye babur ɗin. A bayan maƙerar, cikin tarin ƙarafa, akwai gawar wani babur. Na wani Baturen hanya ne da ya ci karo da kututture, gaban ya lanƙwashe kamar lauje, aka bar wa maƙeri ya yi fartanya da shi. Kawu ya tsuguna kusa da shi. Bai taɓa hawa ko keke ba a rayuwarsa. Ya rufe ido ya shiga bin sa da yatsa, har ya kai ga wani lanƙwasasshen ƙarfe a gefen dama.

"Malam," haka yake kirana don tsokana, "wagga ƙahwa ta mi ta?"

Na ce masa wannan babur gida ɗaya suka fito da nawa, amma shi an ƙera shi bayan wasu shekaru. Yana da akwatin giya a bayan inji, yana da kuloci. Wannan ƙarfen ake takawa sau ɗaya ko biyu inji ya tashi mutum yana tsaye, sannan ya zauna ya saki kuloci a hankali.

"Ba gudu?"

"Ba gudu, Kawu."

Ya buɗe ido. "Ashe ƙanen naka na. Cikinshi lahiya?"

Maƙeri ya leƙo daga rumfa ya ce, "Kai bawana, tashi daga kan fartanyata. Mi ka sani ga ƙarhe, kai da ko allura ba ka iya miƙewa?"

"Ubangijin ƙarya, kawo sifana. Cikin ƙane za mu sa ma wa."

Sai da muka nemi iznin ubangidana, domin dukiyarsa ce. Ya saurari Kawu har ya gama, ya shafa kafaɗarsa ta hagu wadda ta taɓa gocewa yana saurayi Kawu ya mayar masa, ya ce, "Baba, abin da ka ga dama ka yi da shi."

Muka kwance su biyun, muka shimfiɗa a kan tabarmi gefe da gefe, kamar yadda Kawu ke shimfiɗa ƙafa mai lafiya kusa da karyayya. A nan muka yi kuskurenmu, mu uku. Kawu ya saba da halittar Allah, inda ƙafar hagu ke ba da labarin ta dama ba ragi ba ƙari. Ya auna ramukan da ke riƙe inji ta gaba, na wa da na ƙane, suka zo daidai da ƙullin zare. Ya ce uwa ɗaya uba ɗaya, sauran ma haka za su zo. Ni da maƙeri muka yarda, don ba mu taɓa ganin zarensa ya yi ƙarya ba. Muka ɗauki kwanaki muna wanke sabon inji da kananzir. Kafiretonsa ya fashe a karon, muka ciro na tsohon muka ɗaura masa, maƙeri ya goge bakinsa da magagari har ya zauna. Muka mayar da hannun kuloci da sandar giya kan tsohon jiki. Inji ya shiga wurinsa kamar don shi aka yi, har maƙeri ya yi kirari.

Da muka ɗauko akwatin giya sai ya ƙi shiga. Ya tokare da tayar baya. Muka juya shi ta kowace fuska, a banza. Ashe masu ƙirar, shekarar da suka ƙara giya, sun ƙara wa jikin tsawo ta baya don ya sami wurin zama. Tsohon bai da wannan wurin. Kawu ya miƙa zare a kan sirarran bututu biyu da suka tafi ƙafar baya, na wa da na ƙane. Bambancin faɗin yatsa huɗu ne. Na ƙanen kuwa sun murɗe a karo, ba su da amfani.

Ya daɗe yana kallon zaren. Ya ce, "Aikin ɗan Adam ke nan. Bara daban, bana daban." Ya hau jakinsa ya koma Aliero.

Na ɗauka magana ta ƙare. An fara yankan gero a gonakin tudu.

Kasuwa mai zuwa sai ga shi da ƙashin ƙwaurin bijimi da ya karɓo wurin mahauta, ya tsaga shi biyu. Ya ajiye a gaban maƙeri ya ce bututun nan rami gare su kamar wannan. A yanka su biyun, a zura ƙarfe a ciki kamar ɓargo, a ƙara tsawon da ake so, a sa musu kara ta waje.

Maƙeri ya ajiye masaba. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ka haukace? Nauyin mutum duka bisa bututun ga yake. Ƙashi jini gare shi, shina toho shi kama. Ƙarhe ba shi da jini. In yab ɓalle yana cikin gudu, ba ɗori za ka yi ba, wanka za ka yi mai."

"Kai na jininshi. Tagulla gare ka, wuta gare ka."

"Ba ni yanka shi. Ba ni kashe ɗan taubashiyata don kai ka samu ka ci tuwo."

"Tsoro ka kai."

"Awo, tsoro ni kai! Kai girman kai ka kai. Yatsa biyu sun gagare ka, ka kasa haƙuri da hukuncin Allah."

Ban taɓa ganin an faɗa wa Kawu magana ta shige shi kamar wannan ba. Ya ɗauki ƙashinsa ya fita. Ni kaina na ga gaskiyar maƙeri, kuma har yau ban ce ba shi da ita ba.

Kasuwa ta ci ta sake ci ba su gaisa ba. Ubangidana ya fara sa wani ɗan'uwansa yana koyon tura keke don ya maye gurbina.

Sai wata safiya, ina zaune a maƙera ina kallon baburan nan biyu a warwatse, Kawu ya shigo ba sallamar wasa. Ya naɗe hannun riga, ya zauna a wurin mai zuga, ya kama zugazugi ya fara hurawa. Maƙeri yana ƙera lauje, ya yi kamar bai gan shi ba. Tartsatsi yana tashi yana sauka a kan yatsun nan da ko kaskon wuta ba sa ɗauka. Na ga ɗaya ya sauka a bayan hannunsa ya yi baƙi, bai janye ba. Mutanen da suka zo gyaran lauje suka zuba ido. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, Sarkin Ƙira, kana gani fa."

Maƙeri ya buga masaba sau biyu a banza, ya jefar da ita. "Tashi! Tashi, don Allah. Hannun ga ba naka na kai ɗai ba."

Kawu ya ci gaba da zuga. Ya ce, "Abin da kac ce, na kai shi gaban Ubangijina na duba. Akwai girman kai ciki, ban musu ba. Na roƙi gahwara. Amma da na ɗebe shi, sai na iske yaron ga har yanzu ba shi da abin yi."

Maƙeri ya tsaya yana huci. Can ya shiga ɗakinsa, muka ji yana ture kaya. Ya fito da bututun wata tsohuwar bindiga da ya ɓoye tun shekarar da aka karɓe makamai. Ya ce, "In za a yi kara, da wanga za a yi. Saki zugazugina, bawan banza, kana ɓata man gawayi."

Aikin nan na gan shi da idona, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Maƙeri ya so ya yanka kusa da mahaɗa don ya ɓoye ɗinkin. Kawu ya hana, ya ce karayar kusa da gaɓa ita ce mai wuyar kamawa, a yanka a tsakiya. Ya rufe ido ya bi bututun yana ƙwanƙwasa da farce, yana saurare, har ya sami inda tsatsa ba ta ci ba. Ya ce kada a yanka a miƙe, a yanka a karkace kamar firar alƙalami, domin karayar da ta zo a karkace ta fi samun wurin riƙo. Maƙeri ya yi gunaguni, amma ya bi. Ya ƙera sanduna biyu ya zura ciki, ya yanka bututun bindiga gida biyu ya sa a waje.

Kafin a kai wuta, Kawu ya fito da zarensa. Ya auna hagu, ya auna dama, ya sa aka buga kaɗan, ya sake aunawa. Rana ta take, ta karkata, yana nan. Maƙeri ya ce gawayinsa na ƙonewa, bambancin da ya rage bai kai kaurin farce ba. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce a hankali, "Waccan ba ni da iko da ita. Wagga ina da." Sai da biyun suka zauna kan ƙulli ɗaya ya ce a hura.

Maƙeri ya zuba sinadari ya kanga tagulla. Da ta narke sai ta bi tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta shige da kanta, ta ɓullo ta ɗaya bakin kamar zaren zinariya. Kawu ya ce, "Allahu akbar. Ga jinin." Gumi na zuba daga gemun maƙeri.

Akwatin giya ya zauna. Baduku ya rage tsawon ɗamarar fata, Kawu ya miƙa zare daga giya zuwa ƙafar baya ya daidaita su har ɗamarar ta bi layi ɗaya. Bututun hayaƙin tsohon bai kai ba, muka miƙe na ƙanen muka sa. Abin da ya fito ba kyau gare shi ba, tanki launi daban, inji launi daban, ga kumburi biyu a baya kamar ƙwaurin da ya warke.

Ranar gwaji, bayan azahar, mutane suka cika bakin maƙera, har da ubangidana. Na zuba fetur. Na zagaya na tsaya a gefen babur don in taka ƙarfen da ƙafata ta hagu mai lafiya.

Kawu ya ce, "A'a. Hau bisa. Da ta dama."

Na ce, "Kawu, ita ce fa."

"Na san ko wace ta. Ni na ɗora ta."

Tun da na tashi daga jinya ban taɓa sakar mata nauyina gaba ɗaya da ƙarfi ba. Na hau, na ɗora ta a kan ƙarfen. Na yi bisimilla na taka da rabin zuciya. Inji ya yi tari ya yi shiru. Wani ya yi dariya a baya.

"Malam, ƙashi ba shi jin lallashi. Taka."

Na tashi tsaye na sauko da dukan jikina. Inji ya kama da ƙara, kaji suka watse, yara suka yi ihu. Ni kuwa ba injin nake saurare ba, cinyata nake saurare. Ba ta ce komai ba.

Maƙeri ya matso ya yi magana da ƙarfi don a ji shi. Ya ce in zagaya fili a hankali tukuna, ni kaɗai, kwana da kwanaki, kafin a yarda da ɗinkin. Yana cikin faɗa Kawu ya ninka buzun sallarsa ya shimfiɗa a kan ƙarfen ɗaukar kaya na baya, daidai saman inda aka yanka. Ya tattare rigarsa ya ɗaga ƙafa ya hau.

Maƙeri ya kama shi. "Sauka! Nauyin mutum biyu? Ka san abin da ka kai?"

"In za shi ɓalle, shi ɓalle da ni bisa. Ba ni aika ɗan ƙanwata inda ban taka ba." Ya kama kafaɗuna da yatsun nan nasa, ya waiwayi maƙeri. "Jakina na nan, ka ba shi dusa, kada ka ci mai. Malam, kai ni gida."

Na saki kuloci. Hanyar Aliero a lokacin rairayi ce da kwazazzabai da sawun shanu da ya bushe. Duk ramin da muka faɗa sai in ji zuciyata ta tsinke, ina jiran ƙarar ƙarfe. Shi kuwa ina jin sa a bayana yana salati, ba sauri ba rawar murya, kamar yana zaune a zaurensa. A wani wuri garken shanu ya tare hanya. Na kama kuloci na tsaya, na sa ƙafa a ƙasa, inji yana ta bugawa bai mutu ba. Shanu suka wuce, na ci gaba. Wannan tsayuwar kaɗai ta ishe ni sanin na koma aikina, hawaye suka hana ni ganin hanya sosai.

Mun shiga Aliero ana kiran la'asar. Mahaifiyata ta ji ƙara ta fito ƙofar gida da muciya a hannu, ta shirya faɗa. Da ta ga wanda ke bayana sai muciyar ta sauka. Ta ce, "Yaya! Da girmanka?"

Ya sauko da ƙyar, ƙafafunsa sun sage, rawaninsa ya kwance. Bai kula ta ba tukuna. Ya tsuguna ya rufe ido, ya bi kumburin hagu da yatsa, ya bi na dama, yana juya su ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sannan ya kama cinyata ta cikin wando ya matsa inda ya sani. Ya daɗe. Ya buɗe ido ya dubi ƙanwarsa.

"Sun kama. Na hau na jiya, ba labari anka ba ni ba. In kin hana shi yanzu, ni kin ka ƙaryata."

Ta dube shi, ta dube ni, ta share fuska da gefen zane. Ta ce, "Allah shi tsare. Ku shigo, ruwa na nan."

Kawu ya juyo gare ni. "Gobe ka tahi Maiyama, ubangidanka na da saƙo." Ya ɗaga murya zuwa cikin gida, ya ce a tuƙa tuwo da yawa, yunwa yake ji.

Washegari na tafi Maiyama. Na yi shekaru a kan babur ɗin nan har furfura ta fito mini, na aurar da 'ya'yana daga abin da na samu a kansa. Injin ya gaji, tayoyi sun ƙare an sake, amma inda aka ɗora bai taɓa motsi ba. Kawu kuwa bai sake hawa babur ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya Allah, bawanka ya zo maka, Kai ka fi mu sanin sa. Ka yafe masa abin da ya yi kuskure, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tashe shi cikin waɗanda suka tsaya wa mutane har suka miƙe. Mu da muka saura, Ka ba mu cikawa da imani. Amin.